Wai da gaske akwai kifin shak mai tafiya a kan dutse?

Ummu Haidar:
Salamu alaikum 'yan'uwa. An turo min bidiyon wani siririn kifi mai ɗigo-ɗigo yana jan jiki a kan duwatsu, ruwan ma bai rufe bayansa ba, wai shak ne. Ni dai shak ɗin da na sani ƙato ne mai haƙora. Gaskiya ne ko haɗin kwamfuta? In gaskiya ne, a ina yake?

Abu Safwan:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba haɗi ba ne. Masana na kiransa Hemiscyllium ocellatum, kuma yana zaune ne a ruwa marar zurfi cikin duwatsun murjani na arewacin Ostareliya da kudancin Niu Gini. Yawancinsu ba su kai mita ɗaya ba. Sake duba bidiyon: bayan fukafukinsa na gaba za ki ga babban baƙin tabo da farin zobe kewaye, ɗaya a kowane gefe. Sauran jikin ruwan ƙasa ne mai haske, jelar kuma ta fi rabin tsawonsa.

Tafiyar da fukafukai huɗu yake yin ta, biyu gaba biyu baya, yana lanƙwasa jiki kamar ƙadangare. Ni kam ba tafiyar ce ta fi ba ni mamaki ba, numfashinsa ne. Idan teku ta janye da dare, sai a bar ƙananan kududdufai tsakanin murjani, iskar oksijin da ke ciki ta yi ta raguwa. Sauran kifaye su galabaita, shi kuwa ya rage bugun zuciyarsa, ya lallaɓa daga wannan rami zuwa wancan yana tsintar ƙaguwa da tsutsotsi. An gwada shi, yana iya kai sa'a guda babu oksijin sam, ya farfaɗo lafiya lau.

Ɗan Autan Mama:
Tab! To Yallaɓai, tunda har tudu yake hawa, ba a kama shi da hannu a cinye? Ai ina ga ya kusa ƙarewa.

Abu Safwan:
A'a ɗan'uwa, wannan na Ostareliya yana da yawa, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ma ta sa shi cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Masunta ba su damu da shi ba, kuma babban yankinsa na cikin gandun ruwan Great Barrier Reef da ake karewa. 'Yan'uwansa ne abin ji. Aƙalla jinsi tara ne masu tafiyar nan, wasu a ɗan yanki ɗaya kacal suke, kamar na tsibirin Halmahera a Indunusiya da aka bayyana a 2013. Ƙwai suke sakawa a gindin murjani, 'ya'yan kuma ba sa nisa da inda aka ƙyanƙyashe su. In aka lalata wurin, ba su da wani. Ga masu kama su don sayar wa masu kiwon kifin ado. A 2023 Indunusiya ta haramta kama waɗanda ke ruwanta gaba ɗaya.

Shi ma na Ostareliyan kada a saki jiki. A binciken da aka fitar a 2021, ƙwan da aka ajiye a ruwa mai zafin digiri 31 sun fashe cikin kwana 100 ko kusa da haka, maimakon wajen 125 a digiri 27, 'ya'yan suka fito ƙanana ba kuzari.

Ummu Haidar:
Allah Ya saka da alheri Malam. Sauran tambaya ɗaya: yana cizo?

Abu Safwan:
Sai in an damƙe shi, nan ma ɗan gatsa ne kawai.