Tsofaffin wasannin talabijin a YouTube: talla na fita, wa ke cin kuɗin?

Mai Kaset:
Assalamu alaikum jama'a. Marigayi Babanmu ya bar mana kwali biyu na kaset ɗin bidiyo, duk abin da ya riƙa ɗauka daga talabijin ne a shekarun 1980: wasannin kwaikwayo na NTA Kaduna da na CTV Kano, wadda yanzu ake kira ARTV, har da tallan sabulu a tsakani. Wasu sun yi fumfuna, waɗanda suka tsira na kai an juye min su a kwamfuta, ina yanka su minti biyar-biyar ina ɗorawa a YouTube. Dattawa sai sa min albarka suke yi a ƙasan bidiyon. Abin da ya ɗaure min kai, talla na fitowa a kai, amma ko kwabo ban gani ba. Shekaranjiya kuma aka turo min sanarwa wai wani ya yi iƙirarin waƙar da ake buɗe ɗaya daga cikin shirye-shiryen da ita. Kaset ɗin nan da kuɗin Baba aka saye su. Shirin da ya kai shekara arba'in, har yanzu yana da mai shi?

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Malam, ganin talla ba ya nufin ana tara maka komai. YouTube na iya sa talla a bidiyon wanda bai shiga tsarin raba kuɗinsu ba, su riƙe abinsu. Kafin ka fara cin kuɗin talla sai ka samu mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, sannan su duba tashar taka. A nan gizo ke saƙa, domin tashar da ba ta da komai sai kayan wasu, ba sharhi ba ƙari, yawanci ƙin amincewa da ita suke yi.

Sanarwar da ka samu daga Content ID take, manhajar da ke gane sauti da hoton da wani ya yi wa rajista. Mai iƙirarin na iya toshe bidiyon, ko ya bar shi kuɗin tallan ya riƙa tafiya aljihunsa. Wannan ba ya rufe tasha. Wanda ake tsoro shi ne mai haƙƙi ya nemi a cire bidiyo a hukumance, a rubuta maka gargaɗi. In suka taru uku, tashar ta tafi da duk wahalarka. Kada ka danna wurin jayayya da iƙirarin don haushi, tunda ba ka da takardar komai a hannu.

Ummu Sadiq:
Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Robar kaset ɗin ce kuka gada, abin da ke ciki na tashar da ta shirya shi ne. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Buhari ya sa wa hannu a 2023, shirin da aka watsa yana da kariyar shekara 50 daga ƙarshen shekarar da aka fara nuna shi. Wato na 1986 sai bayan 2036 zai zama na kowa. Waƙa kuwa lissafinta daban ne, shekara 70 ne bayan rasuwar mai ita. In a ce waƙar Shata ce a shirin, shi da ya rasu a 1999, ka ga sai bayan 2069 ke nan. Rubuta "ba nawa ba ne" a ƙasa ba ya kare ka, shaida ma ka bayar a kan kanka. Dokar ta yi sassauci ga ɗan guntun da aka ɗauka don sharhi ko nazari ko koyarwa, amma yanka shiri gunduwa-gunduwa har ka ɗora shi duka bai shiga ciki ba.

Tsohon Mai Kyamara:
Hajiya ta faɗi doka, ni bari in faɗi abin da na gani da idona. A zamaninmu kaset tsada gare shi, shiri na fita sau ɗaya ko biyu a goge a ɗauki wani a kai. Abin da ke kwalinka, yaro, mai yiwuwa masu shi ma ba su da shi. To kada ka je musu kamar mai laifi. Ka rubuta wa shugaban tashar wasiƙa, ka lissafo shirye-shiryen da shekarunsu, ka ce za ka ba su kwafi su kuma su ba ka izini a rubuce, da yadda za a raba abin da ya shigo. Maganar baki da wani ma'aikaci a bakin ƙofa ba izini ba ce. Kuma in kuɗi ya fara zuwa, ka tuna da iyalan 'yan wasan nan. Da yawansu abin da aka biya su a lokacin bai taka kara ya karya ba.

Mai Kaset:
Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya ƙara girma. Na ɓoye bidiyon mai waƙar tukuna. Hajiya, in na rubuta wasiƙar zan turo miki ki duba min kafin in kai. Akwai kaset uku da ba tambarin kowace tasha a jikin hoton, su kuma wa zan tunkara?