Neman kalma: me za mu kira ƙaryar da mai yaɗa ta bai san ƙarya ba ce?

Salamu alaikum jama'a. Ina neman taimakon masana da duk mai kunnen Hausa a kan wasu kalmomin Turanci guda biyu da suka cika bakin 'yan jarida tun da aka fara kaɗa gangar zaɓen 2027, wato misinformation da disinformation. Gidajen rediyo da jaridunmu sun haɗe su wuri guda, sai ka ji an ce labaran ƙarya, ko labaran bogi, wani lokaci ƙanzon kurege. Alhali ba abu ɗaya ba ne. Ta biyun, wato disinformation, ƙarya ce da wani ya zauna ya shirya don ya ruɗi jama'a. Ta farkon kuwa, wato misinformation, labarin ba gaskiya ba ne, amma wanda ya yaɗa shi ya gaskata shi, sau da yawa ma gani yake taimako yake yi.

Ku tuna watan Agustan 2014, lokacin Ebola, da aka wayi gari ana ta buga waya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Uwar da ta tashi 'ya'yanta tun kafin asuba ta cuɗa musu gishiri, wa zai kira ta maƙaryaciya? Amma abin ya kwantar da mutane a asibiti. To ita matsalar tana nan: in kawunka ya turo labari a zauren WhatsApp na dangi ka ce masa "wannan labarin ƙarya ne", abin da kunnensa ya ji shi ne ka ce masa maƙaryaci. Daga nan an bar maganar labari, an koma maganar rashin tarbiyyar yaran zamani. Muna bukatar kalmar da za ta ƙaryata labari ba tare da ta zagi wanda ya kawo shi ba.

Wani dattijo, tsohon ma'aikacin ɗab'i, unguwar Gaskiya:
Ɗana, wahalar me kake sha? Jita-jita mana. Kuma wannan ciwo ba yau ya fara ba. A nan Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam yana edita, kuma cikin dalilan kafa ta har da kashe jita-jitar da ta bazu a Arewa cewa Ingila za ta miƙa wa Jamus Najeriya. Babu wayar hannu a lokacin, kasuwa da tashar jirgin ƙasa sun isa.

Mai neman kalma:
Baba, Allah ya ƙara girma. Tarihin nan ya yi mini daɗi. Sai dai jita-jita ba ta yanke wa labari hukunci, tana iya tabbata. Sau nawa ake jita-jitar wane zai sauya sheƙa, ya fito ya rantse ya musanta, bayan wata biyu a gan shi ya ɗaga tutar sabuwar jam'iyya? Haka raɗe-raɗi. Ni kuwa ina neman sunan labarin da an riga an gano ba gaskiya ba ne.

Wani ɗalibi, Samaru:
Malam, shaci-faɗi fa?

Mai neman kalma:
Mai shaci-faɗi daga kansa yake zaro magana, ƙanena, ya cika gurbin abin da bai sani ba da hasashe. Wanda nake nufi bai ƙara ko wasali ba, yadda aka turo masa haka ya tura. Ƙanzon kurege kuma ya fi dacewa da labarin da jin sa kawai ya isa ka yi dariya. Waɗanda ke ɓarna a siyasa sukan zo da hoton takarda mai tambari da sa hannu, ko tsohon bidiyon wani rikici a wata ƙasa da aka liƙa masa sunan wani gari namu.

Malamin Islamiyya, Kwarbai:
Wannan rarrabewa da kake nema tana nan a wurinmu tun kafin Turawa su sa mata suna. Duba ƙissar ifki a Suratun Nur, ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda. Aya ta 11 ta ware wanda ya ɗauki mafi girman lamarin, malaman tafsiri suka ce Abdullahi ɗan Ubayyu ne, shugaban munafukan Madina. Shi ya ƙulla. Sannan akwai Musulmi na kirki da suka ji suka maimaita, irin su Misɗahu da Hamnatu. Aya ta 15 ta siffanta yadda suka yi, ta ce suna karɓar maganar da harsunansu. Lura da kyau, da harshe aka ce, ba da kunne ba. Maganar ba ta ma tsaya ta biya ta hankali ba, daga bakin wani sai bakin wani. Yau ɗan yatsa ne ke wannan aiki.

Amma ina yi maka tuni: su ma masu maimaitawar ba a wanke su ba, an tsayar musu da haddi. Kuma hadisi ya zo a gabatarwar Sahihu Muslim cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Saboda haka kada ka ƙirƙiro kalmar da za ta zama sabulun wanke mai turawa. A raba shi da maƙulli, na yarda, amma a bar masa nasa kason.

Mai neman kalma:
Allah gafarta Malam, ka ƙara mini sharaɗi ke nan. Kalmar kada ta zagi mutum, kada kuma ta sallame shi.

Wata malamar firamare, Tudun Wada:
To ni ga tawa, Malam, a gwada: tsintuwa. Wanda ya tsinci abu a hanya ba ɓarawo ba ne, kowa ya san haka. Amma kuma ba nasa ba ne da zai kai kasuwa. Abin da ke kansa shi ne cigiya, a fiƙihu ma har shekara ake yi. Haka labarin da ya faɗo maka a waya ba ka san mai shi ba: tsintarsa ka yi. In ka tura kafin ka yi cigiyar inda ya fito, ka ci tsintuwa. In ya tabbata ba gaskiya ba ne, sai mu ce ƙaryar tsintuwa. Ƙaryar ba taka ba ce, laifin rashin cigiya ne naka.

Wani Bakano da ke koyarwa a Kongo:
Malama ta kawo magana, amma ina da ja. Na farko, Bahaushe yana jin tsintuwa a matsayin sa'a, shi ya sa ake cewa tsintar dami a kala. Kada mutum ya ji an ce labarinsa tsintuwa ne ya ɗauka yabonsa aka yi. Na biyu, tsintaccen labari yana iya zama gaskiya. Na uku, ku Zagezagi ko an amince da kalmar sai kun ɓata ta, gobe za mu ji kuna cewa ƙaryan tsintuwa ne.

Malamar Tudun Wada:
Malam, ku da kuka zo ci-rani garinmu ai sai ku yi haƙuri da bakinmu. Ja na biyu kuwa na riga na amsa: labarin tsintuwa shi ne wanda ba a tantance ba tukuna, ƙaryar tsintuwa kuma wanda aka tantance aka ga babu. Hawa biyu ne, kuma mun ci riba, don Turancin ma sai ya ƙaro wata kalma kafin ya faɗi na farkon.

Bakanon Kongo:
Na sallama. To ɗaya ɓangaren, mu a Kano muna da sojojin baka, waɗanda ke shiga rediyo su kare ubangida su sari abokin hamayya. Abin da suke jifa da shi sunansa yarfe. Me zai hana a ce disinformation yarfe ne kawai?

Mai neman kalma:
Yarfe yana da kyau, sai dai ya yi ƙunci. Dole akwai wanda ake yarfa wa, mutum ko jam'iyya. Ƙaryar da aka shirya don a hana mutane fita zaɓe, a ce an ɗage rana ko an sauya rumfa, ba a yarfa wa kowa komai ba, amma shiryayya ce. Kuma yarfe wani lokaci da gaskiya ake yin sa, a tono tsohon abin kunyar mutum ana saura kwana uku zaɓe. Ni na fi karkata ga kitsa. Muna cewa an kitsa magana, an kitsa makirci, kowa ya san sai an zauna an ɓata lokaci. Kitsattsiyar ƙarya. Misalin da ba mai mantawa shi ne na Jubril na Sudan: aka yi ta yaɗa cewa marigayi Buhari ya rasu tun 2017 an sauya shi da wani mai kama da shi, ana jera hotunan kunne da na hannu a matsayin hujja, har sai da shi da kansa ya ce shi ne ba wani ba, a ƙasar Poland, a Disambar 2018. Waɗanda suka zauna suka haɗa hotunan nan kitsawa suka yi. Dubban da suka tura wa 'yan'uwa suna tambayar "wai da gaske ne?" tsintuwa suka ci. Ƙarya ɗaya ce, sunanta ya danganta da hannun da take ciki.

Wani lauya, Sabon Gari:
Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi jan hankalina, Malam, don a shari'a ma niyya ce ke raba laifi da kuskure. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu rubutu a Facebook, har aka yi masa gyara a 2024. Tsorona shi ne duk kalmar da muka ƙera, masu mulki ne za su fara ɗaukarta. Ka soki aikin hanya a ce kitsattsiyar ƙarya kake yaɗawa. Don haka a rubuta a gefe: ra'ayi ba ya shiga ko ɗaya cikin biyun. Lokacin da Shugaba Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurorin haraji guda huɗu a Oktoban 2024, gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna suka ƙi tsarin rabon harajin VAT. Wanda ya ce tsarin zai cuci Arewa ra'ayi ya faɗa, a yi masa gardama da lissafi. Wanda ya ce sashe kaza ya ce kaza alhali babu shi a takardar, wannan ne za a tambaya: kitsawa ka yi ko tsinta? Mafi yawanmu, har da mu masu baƙar riga, mun ɗauki ɓangare kafin mu buɗe shafin farko.

Mai neman kalma:
Barista, na karɓa. Wannan ɗaukar ɓangare kafin karatu kuwa ba ya bukatar sabuwar kalma, muna da azarɓaɓi, muna da riga malam masallaci. Abin da ya sa na damu da shi a nan, shi ne ke ba ƙaryar tsintuwa ƙafa. Mutum ba ya cigiyar labarin da ya yi daidai da abin da zuciyarsa ke so. In an ce ɗan jam'iyyar da yake ƙi ya saci kuɗi, nan take ya tura. In nasa ne aka ambata, sai ya tuna da aya ta 6 a Suratul Hujurat, ya ce a yi bincike. Kuma azarɓaɓin ba ya tsayawa a waya. A Maris ɗin 2025 a Uromi ta jihar Edo, an tare mafarauta 'yan Arewa da ke kan hanyar komawa gida daga Fatakwal, aka ga bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa ne, aka kashe mutum 16 kafin wani ya tsaya tambaya. Mun yi kuka da wannan, kuma ya cancanci kuka. Amma a kasuwanninmu ma ihun "ɓarawo" ɗaya ya isa a taru a kan mutum.

Ɗalibin Samaru:
Malam, shi mai turawar fa, yana da suna? Akwai wani yayanmu da ba ya barin saƙo ya kwana a wayarsa. Ko mai alamar kibiya biyu ne, wanda WhatsApp ke nuna an tura sau da yawa, shi a wurinsa wannan ce shaidar inganci.

Malamar Tudun Wada:
Ɗan tsinci-tura. A ma'aunin shaci-faɗi.

Dattijon unguwar Gaskiya:
Wannan ta zauna a baki, 'yata. Ita za ta riga sauran shiga gari, ku zuba ido.

Mai neman kalma:
To bari mu gwada su a kanun labari, don a nan ake gane kalmar da za ta rayu. "Hukumar zaɓe ta ce batun ɗage zaɓe kitsattsiyar ƙarya ce." Ya tafi daidai. "Likitoci sun ja kunnen jama'a kan ƙaryar tsintuwa game da rigakafi." Wannan ma ya tafi, ko da yake mai karanta labarai zai bukaci ya ɗan fassara ta a makonnin farko. Jam'i kuma ƙarairayin tsintuwa da kitsattsun ƙarairayi, na biyun yana da nauyi a harshe, amma ana iya cewa ƙarairayin da aka kitsa. Aikin masu tantancewa irin su Dubawa, da aka kafa a 2018 da suna na Hausa, mu bar shi a bin diddigi yadda aka saba, cigiya kuma ta zama ta mutum ɗaya da wayarsa kafin ya danna. Labaran bogi ta ci gaba da zama babbar rumfa in ba a san niyyar mai labarin ba.

A zauren dangi kuwa ba sai an ambaci ƙarya ba sam. "Kawu, wannan kamar tsintuwa ce, an yi cigiya kuwa?" Ina ganin Kawu zai iya haɗiye wannan.

Bakanon Kongo:
Zan kai su aji ranar Litinin in ji bakin ɗalibai. Amma tsinci-tura kam, in ta shiga Kano, mu za mu ce mu muka ƙirƙiro ta.