Hutu a jirgin ruwa: ganin duniya ne ko zaman otal a kan teku?

Malam Auwal: Assalamu alaikum. Ina nan kan bakana: wanda ya hau manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa, ya dawo yana cewa ya ga ƙasa biyar cikin mako guda, bai ga ko ɗaya ba. Jirgi ya tsaya da safe, a sauke dubban mutane, su yi ta cunkuso a titi biyu ko uku suna ɗaukar hoto, kafin rana ta faɗi kowa ya koma ciki. Ba ka kwana a garin ba, ba ka ga safiyarsa ko darensa ba, ba ka zauna da mutanensa ba. Zaman otal ne, sai dai otal ɗin yana tafiya.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ka tsaurara da yawa. Ni mahaifiyata na raka, wadda ciwon gwiwa ya hana ta doguwar tafiya. Ka san wahalar yawo da tsohuwa: ɗaura kaya, kwance kaya, layin filin jirgin sama, neman mota. A jirgin ruwa sau ɗaya ta buɗe akwatinta ta jera kayanta, ba ta sake taɓa shi ba sai ranar sauka. Ga lif, ga likita a ciki, ga abinci a kan lokaci. Da muka shiga mashigin Geiranger na ƙasar Norwe, tana zaune a kujera da bargo a cinya, ruwa yana zubowa daga saman duwatsu dama da hagu, jirgin yana tafiya a hankali har kana jin ƙarar zubar ruwan. Kada ka ce mini ba ta ga Norwe ba. Irin wannan wuri daga cikin ruwa ya fi kyan gani.

Malam Auwal: Allah ya ƙara mata lafiya, Hajiya. A kan Norwe da Alaska na ba ki gaskiya, don can duwatsu da ƙanƙara ake zuwa kallo. Maganata a kan birane ce. Rum ta Italiya ba a bakin teku take ba, jirgi a Civitavecchia yake tsayawa, sai an yi tafiyar fiye da awa guda kafin a isa, a sake yin wata a dawo. Me ya rage?

Injiniya Kabiru: Ku bari in shigo ta ɓangaren da na sani. Masu ƙera jiragen nan ba su ɓoye manufarsu ba, jirgin shi ne wurin hutun. Ku duba Icon of the Seas na kamfanin Royal Caribbean, wanda ya fara ɗaukar fasinja daga Miami a Janairun 2024. Tsawonsa kusan mita 365, hawa 20, yana iya ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata sama da 2,000. Wuraren ninƙaya, gidajen cin abinci, dandalin wasanni, duk suna ciki. Wanda ya zuba dukiya haka ba ya so ka fita ka kashe kuɗinka a gari.

Kuma nan ne mutane ke ruɗewa da kuɗin tikiti. Tikiti ɗaki ne da abinci na yau da kullum. A yawancin jiragen, intanet daban, abin sha daban, yawon cikin gari daban, ga tukuicin ma'aikata da ake ɗora maka kowace rana a kan katin ɗakinka. Da katin kake sayen komai, ba ka ganin kuɗi suna fita daga hannunka sai daren ƙarshe da za a kawo lissafi. Gidan caca da mashaya kuwa suna cikin manyan hanyoyin samun ribarsu, wanda ba ya son kusantar waɗannan ya sani tun kafin ya hau. Wasu kamfanonin har tsibiri nasu na kansu suke da shi a Bahamas, ko ka sauka ƙasa, aljihunsu kuɗin ke komawa.

Zainab: Yaya Kabiru ya taɓo abin da ya fi damuna, wato mutanen garuruwan da ake tsayawa. Fasinja a jirgi ya kwana, a jirgi ya ci, ya shigo gari ya cika hanya, ya sayi ɗan tsaraba ya tafi. Ba don banza Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar Venis daga Agustan 2021 ba, bayan shekaru ana kukan igiyar ruwan da suke tayarwa tana cin tushen gine-gine. Dubrovnik ta ƙasar Kuroshiya ta taƙaita yawan jiragen da ke tsayawa a rana, Girka kuma ta ɗora haraji na musamman a kan masu sauka a tsibiran Santorini da Mykonos. Idan mai gida ya fara ƙorafi, ya kamata baƙo ya saurara.

Hajiya Rabi: Zainab ƙanwata, cunkoson Venis ba na jirgin ruwa kaɗai ba ne, masu zuwa ta jirgin ƙasa da na sama ma suna da yawa. Kuma direbobi da masu raka baƙi a tashoshin nan da jiragen suke ci da iyalansu. A tsara shigowarsu, na yarda. A ce ba su da amfani, ban yarda ba.

Dakta Halima: Ni lafiya zan yi magana a kai, a taƙaice. Dubban mutane a rufaffen wuri, hannu ɗaya bayan ɗaya a kan cokalin ɗiban abinci da ƙarfen matakala, cutar amai da gudawa ta norobairos ba ta shan wuyar yaɗuwa. Mun kuma ga jirgin Diamond Princess a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, mutum kusan 3,700 aka killace, sama da 700 suka kamu da korona. Asibitin cikin jirgi ƙarami ne kuma ba kyauta ba ne, mai ciwon zuciya ko wani ciwo mai tsanani kada ya hau ba tare da inshorar da ta haɗa da kwashe shi zuwa tudu ba. Jiri da tashin zuciya kuwa sun ragu a manyan jirage, kuma ɗakin da ke tsakiya a hawa na ƙasa ya fi rashin jijjiga.

Malam Auwal: Ga kuma jirgin Costa Concordia da ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio na Italiya a Janairun 2012, rai 32 suka salwanta.

Injiniya Kabiru: Wannan kam, Malam, ba zan goya maka baya ba. Hatsari irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, kyaftin ɗin ma ɗaurin shekara 16 aka yanke masa, kuma bayan nan aka wajabta atisayen ceto kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Abin da ya fi cancanta a yi magana a kai shi ne ma'aikata. Yawancinsu 'yan Filifin ne da Indunusiya da Indiya, kwantiragin wata shida zuwa tara, galibi babu ranar hutu cikakkiya. Yarjejeniyar ƙwadago ta ma'aikatan teku ta 2006 ta ce a ba su hutun aƙalla awa 10 a rana da awa 77 a mako. Ku yi lissafi, mutum zai iya yin aikin awa 91 a mako doka ba ta karye ba. Jiragen kuma da yawa tutar Bahamas ko Panama ko Malta suke ɗauke da ita, wato a can aka yi musu rajista, don haraji da dokokin ƙwadago sun fi sauƙi a can. Rahusar da fasinja ke murna da ita, wani ɓangarenta daga nan take fitowa.

Hajiya Rabi: Wannan na gani da idona, kuma ya tsaya mini a rai. Yaron da ke gyara mana ɗaki, da sassafe yana bakin ƙofa da keken tawul, ƙarfe goma na dare yana nan. Ya nuna wa Mama hoton 'yarsa da aka haifa yana teku, bai ɗauke ta ba tukuna. Amma shi da bakinsa ya ce da albashin nan yake gina gida. Idan muka daina hawa, shi muka taimaka?

Zainab: Anti Rabi, ba dainawa nake nufi ba. Akwai ƙananan jirage masu kwana a tasha. Yaya Kabiru, ta yaya mutum zai gane su kafin ya biya?

Injiniya Kabiru: Ki duba jadawalin tafiyar, ba hotunan ba. Kowace tasha an rubuta lokacin isa da na tashi, ki ƙirga awannin, ki cire nisan tasha zuwa gari. Ki tambaya ko tukuici yana cikin tikiti. Kuma idan kin fita yawo da kanki ba tare da ayarin jirgi ba, ki riƙe agogon jirgi, don wani lokaci yakan saɓa da na gari. Idan kin makara ba za a jira ki ba, ke za ki nemi hanyar cim masa a tasha ta gaba da kuɗinki.

Malam Auwal: Jirgin da zai kwana biyu a Istanbul, ni ma zan hau. Wanda zai ba ni awa shida, ku je da Hajiya, a gaida Mama.