Wata uku a Bronx, ban san ko maƙwabciya ɗaya ba

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema don Allah. A Zariya na tashi, cikin gidan yawa inda ba a rufe ƙofa sai dare. A watan Satumba na biyo maigidana New York, ni da yara biyu. Muna Bronx, kusa da Grand Concourse, hawa na huɗu a wani tsohon bene. Shi tasi yake ja da dare, da rana yana barci. Yawancin maƙwabtanmu 'yan Jamhuriyar Dominika ne, Sifaniyanci suke yi, ni kuwa ko Turancin nan bai gama zama a kunnena ba. Akwai wata dattijuwa baƙar fatar Amurka a ƙasanmu, sau biyu tana buga silin da sanda saboda guje-gujen yara. Na gaishe ta a matattakala, kallona kawai ta yi. Tun ranar nake jin nauyin fita, sai in yi kwana uku ban yi magana da babban mutum ba in ban da mijina.

Ga kuma sanyi. Tun shigowar Disamba ƙarfen ɗumama ɗaki ke mutuwa da dare, yara na kwana da rigunan sanyi. Mai kula da ginin ya ce wani ne ya sayi benen, wai gyara za a yi. An turo takarda ta ƙarƙashin ƙofa ana kiran taron 'yan haya ranar Lahadi. Baban Khalil ya ce mu baƙi ne, kada mu jawo wa kanmu ido, mu sayi hita mu yi shiru. In je taron ko in bari?

Hajiya Maman Zainab: Wa alaikumus salam 'yata, sannu da zuwa. Ni daga Kumasi nake, na haura shekara ashirin a unguwar nan. Maganar hita ce ta sa na kasa wucewa. Ranar 9 ga Janairun 2022 hita ce ta tayar da gobara a wani dogon bene a titi na 181, nan Bronx. Mutum 17 suka rasu, takwas yara ne, yawancinsu 'yan uwanmu Musulmi 'yan Gambiya. Hayaƙi ne ya kashe su, don ƙofar da ya kamata ta rufe da kanta ba ta rufe ba. Har yau in na tuna jana'izar nan jikina sanyi yake yi. In dole ta sa kin saya, kada ki kwana da ita a kunne, kada ki matsar da ita kusa da labule ko katifa.

Amma 'yata, ɗumi haƙƙinku ne, ba alfarma mai ginin zai yi muku ba. Daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu doka ta ɗora masa. Da dare kada ɗaki ya yi ƙasa da digiri 62 a ma'auninsu, kusan 17 ke nan a namu. Da rana 68 ne, wato 20, in waje ya yi ƙasa da 55. Ki kira 311, lambar kai ƙorafi ga hukumar birni, ki faɗa, kyauta ne. Ki riƙa rubuta rana da lokacin da ya mutu.

Baban Sadik: Hajiya ta gama magana. Ni mutumin Maraɗi ne, sana'armu ɗaya da maigidanki, kuma na fahimci tsoronsa, don dukanmu haka muka fara. Amma ki gaya masa abin da idona ya gani. Da na zo, a Harlem na sauka, wajen titi na 116 da ake kira ƙaramar Senegal. Muna gani haya ta yi ta hawa, shagunan 'yan Afirka suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, da yawanmu muka tattaro muka hauro Bronx. Yanzu ga dogayen sababbin gine-gine sun cika bakin ruwa a Mott Haven, nan kudancin Bronx. In aka ce an sayi bene kuma ɗumi ya fara ɗaukewa, wani lokacin so ake tsofaffin 'yan haya su gaji su tashi a ƙara kuɗi. Ku duba takardar hayarku ku gani ko gidan na cikin waɗanda hukuma ke ƙayyade ƙarin kuɗinsu. Kada ku sa hannu a wata takarda, kada ku karɓi kuɗin tashi, sai lauya ya gani. Tun 2017 birnin ya yi dokar ba masu ƙaramin ƙarfi lauya kyauta in an kai su kotu za a kore su. Ku je taron tare, in ya samu hali.

Anti Rabi: Ƙanwata, ni dattijuwar nan ce ta tsaya mini a rai. Irinsu da yawa suna nan tun shekarun 1970, lokacin da gobara ta cinye unguwanni a kudancin Bronx, masu hali suka gudu, su suka zauna suka riƙe wurin. Ta ga maƙwabta sun zo sun tafi ba adadi, yanzu kuma ita ma tana fargabar a tashe ta. Ba lallai ƙinki take yi ba. Benayen nan daɓen katako ne, takun yaro a sama kamar ana daka yake a ƙasa. Ki shimfiɗa kafet mai kauri, sannan ki sauka ki ƙwanƙwasa mata, ki ce kin ji kuma kin gyara. Manzon Allah (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe ba yana yi masa wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado, kuma bai ware yare ko addini ba.

'Yan Dominika kuwa sun fi sauƙin shiga. Shinkafa da wake, rogo, ayabar suya, duk cimarsu ce. Ki koyi "buenos días, vecina", wato ina kwana maƙwabciya, ki ga yadda fuska za ta sake. Laburaren unguwa na koyar da Turanci kyauta. Ranar Juma'a kuma ki zo masallaci, za ki ji Hausa ta ko'ina, ta zangon Ghana da ta Nijar da tamu.

Abban Fatima: Duk na yarda, sai dai a yi hattara da kai wa baƙo abinci. Nan ba gida ba ne, wasu gyaɗa kaɗai kan kai su asibiti. Gaisuwa ta isa a farko.

Anti Rabi: Gaskiyarka Malam. Ta fara da gaisuwa, in abinci ya biyo baya ta faɗi abin da ke ciki.

Maman Khalil: Allah ya saka muku da alheri. Na karanta wa Baban Khalil duka, maganar Baban Sadik ce ta sa ya yarda, muka je tare. Mun kai mutum talatin a zauren ƙasa, ashe dattijuwar nan ce ta kira taron. Hannuna na rawa na matsa na ce mata mun sa kafet. Ta ce ta lura, ta tambayi sunayen yaran, sannan ta miƙo mini takarda in rubuta ranakun da muka kwana ba ɗumi. Gida tara muka kira 311 a daren. Hajiya, wane jirgi zan hau zuwa masallacinku ranar Juma'a, kuma akwai wurin mata da yara?