In an rufe makaranta saboda tsaro, karatun yara ina yake zuwa?

Maman_Ikram: Salam jama'a. Dan Allah masu harkar koyarwa ku fahimtar da ni, me ya sa mu a nan da an kai hari sai dai kawai a ji sanarwa a rediyo an rufe makarantun kwana sai baba-ta-gani? Haka aka yi bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a 2020, haka bayan na Jangebe a 2021. Yarinyata ta dawo gida da akwatinta da bokiti, wata biyar tana zaune, ranar da aka koma rabin 'yan ajinsu basu dawo ba, wasu an musu aure wasu suna talla. Wai babu wani tsari ne da karatu zai ci gaba ko ana cikin tashin hankali?

Malam_Gwange: Wa'alaikissalam Hajiya. Ni a Maiduguri na koyar lokacin da rikicin Boko Haram ya yi zafi. A watan Maris 2014, bayan kisan ɗaliban Buni Yadi, aka rufe makarantun gwamnati a Borno, sai 'yan gudun hijira suka cika azuzuwa, ajin da nake koyar da lissafi iyali uku ne a ciki an raba da zani, allon ma igiyar shanya aka ɗaura a jikinsa. Sakandare sai da ta yi wajen shekara biyu a rufe. Amma wallahi ba ginin ne ya fi ba mu wahala ba, malamai ne da takardu. A 2017 UNICEF ta ce malamai sama da 2,295 aka kashe tun 2009, wasu 19,000 sun bar garuruwansu. Gini ɗan kwangila zai tayar a wata shida, malamin kimiyya fa? Sannan yaro zai zo maka daga Bama ko Gwoza ba rijista ba sakamako, duk sun ƙone, ya ce aji biyar yake, ka ba shi littafi ya kasa karanta layi ɗaya, ka rasa ina zaka ajiye shi. Da sunan kowane yaro da ajinsa na cikin kwamfuta a hedikwata da rabin wahalar nan bata same mu ba.

Injiniya_KD: Malam ai Yukren sun nuna hanya. A Kharkiv tun 2023 cikin tashar jirgin ƙasa ta ƙarƙashin ƙasa suka mai da azuzuwa, sauran yara kuma ta intanet suke darasi. Mu ma a koma onlayin kawai

Malam_Gwange: Injiniya onlayin da wace wutar? A 2021 Zamfara layin waya ma gaba ɗaya aka datse saboda 'yan bindiga. Rediyo dai na yarda, an gwada lokacin korona kuma ya ɗan taimaka, amma fa sai in akwai babba zaune da yaran yana duba abin da suka rubuta, in ba haka ba ana darasi suna wasan langa.

Bint_Sinnar: Gaisuwa daga 'yar'uwarku Bahaushiyar Sudan. Mu yaƙi ya ɓarke Afrilu 2023 ana dab da jarabawar gama sakandare, 'yan wannan shekarar sai ƙarshen Disamba 2024 suka samu suka rubuta, kuma ba ko'ina aka yi ba. Ƙanena kullum yana bita har littafin ya yage, daga baya ya ce shi ya gaji ya tafi kasuwa. Malamai kuma wata da watanni ba albashi, wa zai tsaya? Baba Malam gaskiyarka ne, in aka riƙe malami da albashinsa ko a gindin bishiya zai tara yara.

Maman_Ikram: Allah sarki, Allah ya kawo muku sauƙi 'yar'uwa. Malam to ina labarin shirin kare makarantu da aka ƙaddamar bayan Chibok, har Gordon Brown, tsohon Firaministan Birtaniya, ya zo Abuja? Naji ma Najeriya ta karɓi taron duniya kan haka a 2021.

Malam_Gwange: An yi Hajiya, har an kwashi wasu ɗalibai daga Borno da Yobe da Adamawa zuwa kwalejojin tarayya na wasu jihohi, waɗanda suka samu sun amfana sosai. Sai dai 'yan kaɗan ne, kuma duk da taron ai an sake sace yara a Kuriga a 2024. Ke dai a taron iyaye na gaba ki tambayi shugaban makarantarsu, in an rufe gobe wace makarantar jeka-ka-dawo ce zata karɓi 'yarki, kuma ki karɓi kwafin sakamakonta ki ajiye a gida tun yanzu.