Taƙaitawa: inda mai keke zai tsaya a kwana da mararraba

Jama'a, ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawarmu kan tuƙin keke a Birnin Kebbi da hanyar Jega.

1. Kowa ya yarda: hannun dama ne namu, kamar yadda Najeriya ke bi tun 1972. Bin hannun hagu don "a riƙa ganin mota" ganganci ne.

2. Kada a manne da bakin kwalta a kwana. Can yashi ke taruwa, taya ta zame. A bar tazara kamar mita 1, a taka birki tun kafin shiga kwanar.

3. An fi daɗewa kan manyan motoci. Tirela ko motar albasa in za ta karya dama, tayoyin baya kan yanko ciki, su cinye gurbin da mai keke yake. Kada a kutsa tsakaninta da gefen titi, a tsaya bayanta. In ba ka hango direba a madubinsa, shi ma bai ganka ba. Wannan kam ina roƙon a gaya wa yara 'yan makaranta.

4. Kwanar hagu ta raba kawuna. Wasu sun ce a waiga, a miƙa hannu, a koma tsakiyar layi da wuri. Wasu sun ce a sauka a tura keken. Ni dai ga yaro ko mai ɗauke da kaya, na fi son na biyun.

5. Shataletale: a ba wanda ke ciki hanya, a kula da 'yan kabu-kabu.