Motar tana ta mutuwa a hannuna, ku ba ni shawara

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau kwana huɗu ina koyon mota mai kuloci, amma da na ɗaga ƙafa sai ta yi tsalle ta mutu. Jiya sau tara. Yayana ne ke koya mini, kuma na ga ya fara ƙosawa. In ci gaba da shi ne ko in shiga makarantar tuƙi?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Sau tara kacal? Ai ke gwana ce.

Tsohon Direba: Hajiya, ki manta da totur tukuna. Ki samu fili shimfiɗaɗɗe inda ba kowa, ki sa giya ɗaya, ki riƙa sakin kuloci sannu a hankali. Akwai wurin da za ki ji ƙarar inji ta sauya, motar ta ɗan yi rawa kamar tana son tafiya. To nan ya fara kamawa. Ki tsayar da ƙafarki a wurin kamar daƙiƙa biyu ko uku, motar za ta fara tafiya da kanta, sannan ki ƙarasa saki. Ki tsaya, ki sake, har sau ashirin. Ƙafa ce ke haddace wurin, ba kai ba.

Anti Amarya: Kuma ki cire takalmi mai tsini. Mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya fi.

Ɗan Auta: Yaya, bari in ba ki labarina don kar ki faɗa ramin da na faɗa. Ni tsoron mutuwar motar ne ya cuce ni. Saboda kunyar a yi mini hon, sai na koyi ajiye ƙafar hagu a kan kuloci kullum, ko ina giya huɗu. A ganina shiri ne. A kan tudu kuma, in an tsaya a cunkoso, ba na jan birkin hannu, sai in riƙe motar da rabin kuloci da totur, har ina jin kaina wani gwani. Wata rana da yamma muka maƙale a wani hawa mai tsawo, ana matsawa kaɗan kaɗan. Can sai na ji wani ƙauri kamar an ƙona roba da gashi. Na buɗe gilas ina leƙen motar gabana, ina tausaya wa mai ita. Ashe tawa ce. Bayan kwana biyu na lura in na taka totur inji sai ya yi ta ihu, allurar da ke nuna juyin inji ta haura, amma gudun bai ƙaru ba. Da bakanike ya sauke giyabos ya fito da faifan kulocin, ya miƙo mini. Ya cinye har ƙusoshin sun fito, ya yi baƙi ƙirin. Tambaya ɗaya ya yi mini: a ina kake ajiye ƙafarka? Motar ma ba tawa ba ce, ta kawuna ce, kuma har yau in muka haɗu sai ya tambaye ni lafiyar ƙafar hagu. In kin gama sa giya, ki sauke ƙafar gaba ɗaya gefe. In tsayuwar za ta daɗe, ki mayar firi ki saki kuloci, ki riƙe da birki.

Baban Yara: "Ina tausaya wa mai ita." Ɗan Auta ka gama da ni wallahi.

Maman Sadiq: Innalillahi. Ni ma fa haka nake ajiye ƙafar.

Injiniya: A kan tudu ga yadda ake yi: ja birkin hannu, sa giya ɗaya, ɗan ba da wuta, saki kuloci har ki ji motar tana ja, sai ki sauke birkin hannun. Ba za ta koma baya ba.

Sarkin Hanya: Birkin hannu na 'yan koyo ne. Direban gaske da ƙafa yake tashi.

Injiniya: To ita da ta yi tambayar mece ce?

Sarkin Hanya: Na yarda. Amma in kin ƙware, a gangara ki jefa ta firi, mai zai yi miki auki.

Tsohon Direba: A'a ɗana, kar ka koya mata wannan. A firi inji ba ya riƙe mota, duk nauyin yana kan birki. In gangarar ta yi tsawo birki ya ɗau zafi, sai ka taka ka ji ba ya ci. Da giya uku ko biyu ake sauka, inji na taimaka maka.

Sarkin Hanya: Baba, shekara goma sha biyu ina yi, ban taɓa ganin komai ba.

Injiniya: Ko maganar man ma ba haka take ba. Motocin yanzu masu injekta, in kana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur a gangara, kwamfutar motar tana yanke mai. A firi kuwa dole ta ci gaba da ba inji mai don kar ya mutu.

Sarkin Hanya: Tawa tsohuwa ce mai kafireto, ba injekta ba.

Baban Yara: Shi ya sa kullum muke tura ka.

Anti Amarya: Ku dai ku bari. Ni shawarata, duk wanda zai koya miki, kar ya zama maigidanki. Mu darasi biyu muka yi, muka kwana uku ba ma magana.

Gimbiya: Ni ban ga dalilin wahalar ba. Ki sayi otomatik ki huta.

Injiniya: Wanda ya iya mai kuloci zai tuƙa otomatik a rana ɗaya, amma ba a juya maganar. A Ingila ma, in da otomatik ka ci jarrabawar tuƙi, lasisinka bai ba ka damar tuƙa mai kuloci ba.

Gimbiya: Ba ni da shirin zuwa Ingila.

Ɗan Auta: Wani abu kuma Yaya, kar ki riƙa kallon sandar giya. Ki kashe mota, ki taka kuloci, ki yi ta sa ɗaya, biyu, uku, huɗu ido a rufe. In kika sake ta a firi, da kanta take komawa tsakiya, saitin uku da huɗu. Masu koyo da yawa uku suke sawa suna zaton ɗaya ce, shi ya sa take mutuwa nan take.

Maman Sadiq: Kai! Ina jin abin da ke faruwa da ni ke nan. Yanzu na dawo daga fili, na tura sandar hagu sosai kafin in kai ta gaba. Sau biyu kawai ta mutu. Amma ribas ya ƙi shiga sam.

Tsohon Direba: Wace mota ce? Wasu sai an ɗaga zoben da ke ƙasan kan sandar, wasu kamar tsofaffin Golf sai an danna ta ƙasa. Kuma sai mota ta tsaya cak.

Maman Sadiq: Akwai zobe, Baba. Na ɗauka ado ne.